Man Kanumfarin Yaya Alhaji

An ce in yi shiru tunda mai ciwo ya tashi, wai abin da ya wuce ya wuce. To shirun nan shi ya kusa sa ni takaba, saboda haka ba zan ƙara yin sa ba, wanda zai ji haushi ya ji. Sunana Asabe, 'yar Kurugu ce ni, ina aure a wani gari da ake kira Turawa, sana'ata matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Mijina manomi ne, Malam nake ce masa. Jinyarsa zan ba da labari, wadda ta cinye mana kaka guda, don in kunne ya ji gangar jiki ta tsira.

Daga haƙori ɗaya abin ya fara, na can ƙurya a ɓangaren hagu, ana tsaka da cirar gyaɗa. Malam ya yi abin da kowa ke yi a garinmu: ya kuskure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, ya danna ƙwayar kanumfari a kogon haƙorin, ya tafi gona. Da abin ya ƙi, sai ya sayo farasitamol a kemis, ya riƙa afa shi kamar gyaɗa, duk sanda haƙorin ya motsa sai biyu. Na ce ya je a cire. Ya ce sai gyaɗa ta shigo gida.

Ranar Juma'a wansa ya zo gaida Inna, mahaifiyarsu, wadda muke zaune gida ɗaya da ita. Yaya Alhaji muke ce masa. A Beli yake zaune, ta wajen Rogo. Shi ya riƙe Malam bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya yi masa aurena, saboda haka a gidanmu maganarsa yankan wuƙa ce. Da can taki yake sayarwa. Shekarun nan ya sayi tsohuwar mota ya ɗora mata lasifika, yana bin kasuwanni da zuma da man zaitun da man habbatussauda da kwalabe kala-kala. Inda ya yi karatun magani ban sani ba, sai dai in a cikin motar aka koyar da shi.

Da ya ga kumatun Malam a kumbure, ya fita mota ya dawo da 'yan kwalabe uku masu ruwan ƙasa, kowace ba ta wuce tsawon yatsa ba. Ina durƙushe daga bakin ƙofa na kawo ruwa.

"Wannan man kanumfari ne tsantsa, daga waje aka kawo," in ji shi. "Danna ƙwayar a haƙori wasan yara ne. Ciwon haƙori daga ciki yake tasowa, sanyi ne da dattin ciki. Asabe, cokalin shayi ɗaya da safe, ɗaya da yamma, ki haɗa masa da zuma, yadda kuke shan man habbatussauda."

Na ce to. Kuma ban ga abin tsoro ba, gaskiya. Kanumfari ne fa, abin da nake jefawa a kunu da zoɓo tun ina budurwa, abin da ake dakawa a yajin mai jego. Kwalbar irin ta sauran mayukan da muke sha da cokali ce, daga mota ɗaya suka fito. Akwai rubutun Turanci ƙanana a jikinta, ban ko duba ba. Da hannuna na tsiyaya, da hannuna na ba shi. Wannan ba zan ɗora wa kowa ba.

Cokalin farko, Malam ya yi tsalle ya riƙe wuya, hawaye na zuba, ya ce kamar ya haɗiyi garwashi. Amma kafin a jima bakinsa duk ya mutu, haƙorin ya yi tsit. Inna ta ɗaga hannu tana sa wa Yaya albarka. Washegari leɓensa ya yi fari yana saɓulewa, ga amai, ko ruwa ya sha sai ya dawo. Malam ya kira Yaya a waya, ina jin muryar Yaya daga inda nake.

"Alhamdu lillahi, ai dattin ne ke fita. Kar a fasa, kar a tsallake ko sau ɗaya."

Ba mu fasa ba. Kwana uku muna ɗura masa, haƙorin in ya farfaɗo ya bi da farasitamol a kan cikin da babu komai. Ɗakin duk ya ɗauki ƙamshin kanumfari, har zufarsa. A rana ta huɗu na ga idonsa ya yi ɗorawa, fitsarinsa ya koma kamar shayi ba madara, dasashinsa na tsattsafo da jini. Ranar na ɓoye kwalbar da ta rage, na ƙulle ta a haɓar zanina, na riƙa ba shi zuma zalla ina cewa an haɗa.

Sai masu ba da shawara suka cika gida. Inna ta ce ciwon shawara ne, a dafa saiwar rawaya. Wata maƙwabciya ta ce a yi masa sirace da ganyen gwanda. Wani abokinsa ya ja ni gefe ya ce sammu ne, don gyaɗar Malam ta fi ta kowa kyau bana. Kowa da bakinsa, babu wanda ya ce ko abin da ke cikin kwalbar ne, har ni da nake ji a jikina. Sai da Malam ya fara barci da rana tsaka ana tashinsa ba ya tashi, in ya buɗe ido ya kira ni da sunan gwaggonsa da ta rasu, sannan aka yarda a tafi asibiti.

Zan faɗi alherin Yaya, don ba na ƙarya ko a kan wanda na ƙi. Shi ya zo da motarsa tun da hantsi, shi ya ɗauki ƙaninsa a kafaɗa ya sa a ciki, shi ya yanki kati. Amma a cikin motar, kafin ya shigo, Inna ta matso ta riƙe min gwiwa.

"Asabe, in ma'aikata suka yi tambaya ki kama bakinki. Mutanen nan ba sa son masu maganin gargajiya, kama shi za su sa a yi. Kar ki tona wa ɗana asiri a gaban bare."

Asibitin da ke kusa da mu muka fara zuwa. Layin kati daban, na ganin likita daban, na gwajin jini daban, Malam na kwance a kan benci kansa a cinyata tun hantsi har aka yi azahar. Da muka shiga, ma'aikacin ya ja fatar idonsa ya duba, ya danna cikinsa ta dama, Malam ya yi ƙara.

"Ya sha wani abu? Na gargajiya ko na kemis?"

"Babu," in ji Yaya. "Sai zuma."

"Ina jin ƙamshin kanumfari."

"Haƙori ke damunsa, yana taunawa," in ji Inna.

Mutumin ya juyo gare ni. "Ke ce matarsa? Haka ne?"

Wanda bai san gidajenmu ba zai ce me ya hana ki magana. Wan miji suruki ne. Shekara goma sha ɗaya ina gidan nan, ban taɓa haɗa ido da Yaya ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ko sunansa na yanka ban taɓa kamawa ba. A ce yau in ƙaryata shi yana tsaye, uwarsa na gefe? Kwalbar na ƙulle a zanina tana taɓa min cinya. Na dubi siminti na ce, "Haka ne." Ina ganin kara na yi, irin wadda aka koya min tun ina yarinya.

Saboda wannan kalmar aka kwantar da shi ana neman zazzaɓin cizon sauro da taifot. Aka sa ruwa, aka yi allurai, in jikinsa ya yi zafi a ƙara masa irin farasitamol ɗin da ya riga ya cika cikinsa da shi. Ban ga laifinsu ba, abin da muka faɗa musu suka bi. Kwana uku muna nan yana ƙara lalacewa, inda aka soka allura jini ya ƙi tsayawa sai an daɗe ana dannewa. A rana ta uku suka rubuta takarda suka ce mu wuce Kano.

Babban asibitin Kano, Allah ya raba kowa da shi. Mun isa da rana, babu gado, Malam ya kwanta a kan keken marasa lafiya a baranda har la'asar sakaliya. Kowane gwaji taga daban, kowace taga da layinta, wani gwajin ma sai a ce ka fita waje ka yi. Masu jinya muna zube a gindin bishiya da tabarmi da kuloli kamar 'yan gudun hijira. Akwai wata ma'aikaciyar jinya da ta daka min tsawa a gaban mutane don na tambaye ta hanya sau biyu, ban yafe mata ba har yau. Akwai kuma wata da ta ga ban ci komai ba ta raba min biredinta, Allah ya saka mata da Aljanna.

Likitar da ta karɓe mu mace ce, gajera, mai tabarau, ba ta da fara'a ko kaɗan. Ta yi tambaya irin ta wancan, Yaya ya ba da amsa irin ta wancan, ni kuma na sake duban ƙasa. Kwana biyu bayan haka ta zo zagayen safe da takardun gwaji a hannu. Lokacin Malam ya daina gane kowa, yana fizge robar ruwan hannunsa, an ɗaure hannun da bandeji a ƙarfen gado. Yaya na zaune a kujera da carbi, Inna a tabarma, ni a tsaye.

"Na duba ƙwayoyin cutar hanta, babu ko ɗaya," in ji ta. "Hantar mutumin nan wani abu ne ya ƙone ta, kuma ta baki ya shiga. Ni ba boka ba ce, ba na duba. In ba ku faɗa min ba, haka zan yi ta lalube har ya mutu a hannuna, kuma ba na jin zai kai jibi."

"Likita, ai mun faɗa miki," Yaya ya fara.

Ban san sanda hannuna ya kai haɓar zani ba. Ƙullin ya ƙi kwancewa, kwana tara yana ɗaure, sai da na sa haƙori. Na ajiye kwalbar a kan gado kusa da ƙafar Malam.

"Wannan ya sha. Cokali biyu kullum, kwana uku. Da farasitamol, ban san adadi ba, tun kafin nan. Ni na ba shi da hannuna. Yaya ne ya kawo, ya ce a ba shi."

Inna ta saki salati. Yaya ya miƙe tsaye ya ce, "Asabe!" Duk masu jinyar ɗakin suka juyo. Likita ta ɗauki kwalbar ta ɗaga tabarau ta karanta, ta buɗe ta shinshina, ta dubi Yaya daga hula har takalmi.

"Alhaji, an rubuta a jiki ba a sha. Kai ka taɓa shan cokali ɗaya?"

Wanzami dai ba ya son jarfa. Sai cewa ya yi, "Kanumfari ne fa, abin da ake zubawa a kunu."

"Ƙwaya nawa kake zubawa a kunu? Biyar? Goma? Ka san tulin da aka tatse kafin a cika wannan cokalin?"

Wannan maganar ni ta soka, ba shi ba. Ni da na san yawan gyaɗar da nake soyawa in niƙa in murza kafin in ga kwalba ɗaya ta mai, ni ce ban yi tunanin cewa man abu ƙarfinsa ne aka tara wuri guda ba. Kunya da baƙin ciki suka rufe ni, na zauna a ƙasa na yi kuka. Likitar ba ta rarrashe ni ba. Ta ce, "Da kin ajiye kwalbar nan a gaban na farkon da ya tambaye ki, da ba mu kai nan ba. Tashi, akwai aiki."

Nan take ta hana farasitamol, ta rubuta wani maganin da ake zubawa cikin ruwan da ake ƙara masa, ta ce a samo shi yau, da jini leda biyu. Na waiwaya in miƙa wa Yaya takardar, babu shi. Ya ɗauki Inna sun tafi, wai an ci mutuncinsa a gaban matar ƙaninsa. Ni da ban san Kano ba na hau adaidaita sahu ina bin shagunan magani ina nuna takarda, sai a shago na biyar aka samu. Jarin man gyaɗata a nan ya tafi, daga baya tunkiyata ta bi shi. Jini kuwa abokan noman Malam ne suka cika mota daga Turawa, biyu daga cikinsu suka bayar, ko ruwan lemo ba su yarda na saya musu ba.

Likita ba ta yi min alkawari ba. Ta ce hanta tana da haƙuri, in aka daina cutar da ita takan gyara kanta, amma ba kullum ba. Mako na uku na yi shi ina kallon ƙwayar idon Malam kamar mai duban wata. Wata safiya ina goge masa fuska ya ce, "Asabe, koko nake so." Ya kira sunana daidai. Na fita baranda na yi sujada a kan simintin da mutane ke tofa yawu, ban damu ba. Ɗorawar idon ta riƙa ja baya a hankali, ya fara zama, ya fara takawa yana dafa bango, ya rame har wandonsa sai an ninka tazuge. Mako biyar cif muka yi kafin a sallame mu.

Haƙorin da ya jawo duk wannan, sai da jininsa ya koma daskarewa daidai sannan aka cire shi. Wallahi ruwan shayi bai isa tafasa ba aka gama. Na nuna wa likitan haƙorin kwalbar, na ce a hana sayar da wannan guba. Ya ce ba guba ba ce in an san ta, su ma suna aiki da ita. Ɗigo ɗaya ake sirkawa da wani mai kamar na zaitun, a taɓa a 'yar auduga, a ɗora a kan haƙorin kaɗai, ya kashe zafi kafin mutum ya iso asibiti. Ba ya warkar da ruɓaɓɓen haƙori, yana ƙona dasashi in aka sa shi tsantsa, ba a haɗiya, kuma kar a bar shi inda yaro zai kai hannu, don abin da ya kwantar da ƙato zai iya kashe yaro. Kanumfarin kunu da na yaji kuwa ya ce mu ci gaba da abinmu. Wannan bayanin bai ɗauke shi minti biyu ba, amma masu lasifika da ke cika mana kunne a kasuwa daga safe har yamma ba su da lokacin yin sa. Allah ya isa tsakanina da duk wanda ke sayar da abin da bai sani ba yana rantsuwa da Allah.

Mun dawo gida mun tarar da rabin gyaɗar da Malam ya ƙi bari don ya je a cire haƙori gara ta cinye a gona. Mun kuma tarar da gaba. Inna ta daina cin tuwona, in na gaishe ta sai ta amsa wa bango. A Beli labarin da ke yawo shi ne matar ƙanin Alhaji mara kunya ta tsinka shi a bainar jama'a. Babu wanda ya kama Yaya, babu wanda ya ko tambaye shi, motarsa ba ta fasa cin kasuwa ko ɗaya ba. 'Yan dubiya kuwa in sun zo sai su ce ƙaddara ce, Allah ya sa kaffara. Ƙaddara ce, na yarda, amma da cokali aka auna ta.

Ranar da Malam ya fara iya zama a zaure, ya kira ni bayan baƙi sun watse.

"Asabe, an ba ni labarin duk wahalar da kika sha. Allah ya yi miki albarka."

"Amin."

"Amma Yaya ubana ne. Ki shirya gobe ki je Beli ki ba shi haƙuri."

Na ɗauka kunnena ne. "Malam, ni zan ba shi haƙuri? Da na ƙara yin shiru kwana biyu, da yanzu ina cikin takaba."

"Da kwanana ya ƙare, ko kin faɗa ko ba ki faɗa ba sai na tafi. Ba da gangan ya yi ba. In ba za ki ba, ni zan hau babur in je da kaina."

Mutumin da ko buta ba ya iya ɗagawa sai da hannu biyu. Na san zai aikata, kuma hanyar ba ta da kyau. Na je. Na durƙusa a zauren Yaya, ga katan-katan na kwalabe jingine da bango, na ce na yi kuskure a yafe min. Ya bar ni a durƙushe sai da ya gama waya.

"Ba komai, ya wuce, ai ku mata sai haƙuri," in ji shi. "Man nan ba shi da laifi. Ƙwayoyin Bature ne suka yi masa yawa, ke kuma da alama kin cika cokalin." Ya sa hannu a katan ya zaro kwalba ɗaya. "Ungo, a riƙa ɗiga masa a shayi, ya ƙarasa wanke cikin."

Kun san abin da na yi? Hannu biyu na sa na karɓa, na ce an gode, Allah ya ƙara girma. Bakina da kansa ya faɗa, kamar ba ni ce na yi mako biyar a gindin bishiya ba. Tun daga Beli har Turawa ina jin haushin kaina fiye da nasa.

Na iso da la'asar, Malam na kan tabarma a tsakar gida, Inna na gefe tana ɓarar gyaɗa.

"Ya haƙura?"

"Ya haƙura. Har ya aiko maka da wata kwalbar, wai a ɗiga maka a shayi."

Na faɗa ne don in ga ransa ya ɓaci ko sau ɗaya. Sai ya miƙo hannu.

"To kawo a ajiye. Ba sha zan yi ba. Amma ba a mayar da hannun kyauta baya, kar ya zo ya tambaya a ce babu."

Na dubi hannun, duk tabon allura ne daga wuyan hannu har gwiwa. Na wuce shi, na wuce Inna, na shiga bayan gida na ɗaga murfin masai na saki kwalbar, na tsaya sai da na ji faɗuwarta. Na fito na wanke hannu, na dubi Inna ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan.

"In Yaya ya zo ya tambaya, a turo shi wurina."